Ranar da Na Taya Makaranta a Gashuwa

Na taɓa zuwa Gashuwa na taya makaranta, kamar yadda ake taya kwalin kifi. A gaban jama'a na yi, 'yata tana tsaye a gefena. Abubuwa da yawa sun bi ta kaina na manta da su, amma wannan ranar ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta, mutanen kasuwar Nguru ba za su bar ni ba.

Ni masunci ne. Ban yi boko ba, allon ma sama-sama. Ruwa ya taɓa cinye mini gida. Jirgi ya taɓa kifewa da mu, ni kaɗai na fito. Da ciyawar kacalla ta rufe inda muke su, na koma banda: in sayi ɗanyen kifi a bakin ruwa, in ƙyafa, in jera a kwali, in kai kasuwa. Abin da na tsira da shi daga duk wannan guda ɗaya ne, na iya ciniki. A rumfar 'yan banda an san ni. Ban taɓa sayen kaya a farashin farko ba. Mai saye kuma in ya juya mini baya, ban taɓa kiransa ba. Ya je, zai dawo da ƙafarsa. (Wannan halin ina ji da shi kamar wata sarauta.)

Hajara ita ce autarmu, ita kaɗai ta yi nisa a boko. Shekarar da ta gama sakandare ta samu gurbi a babbar makaranta a Gashuwa. Ranar da labari ya zo, uwarta Fanta ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, suna zaton aure ne.  Ni dai na ci tuwo fiye da kullum.

Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida yin lissafi. Har yanzu ina ganin zaman nan. Fanta tana tsince shinkafa a faifai, kaji suna zagaya ta, Hajara a bakin tabarma da waya a hannu tana karanto mini abin da makaranta ke nema. Na abinci ban sha wahala ba. Na san abin da cikin mutum ɗaya ke ci a wata, na san kuɗin mota daga Nguru zuwa Gashuwa, na san farashin katifa da bokiti. Da aka zo kan na makarantar ne kaina ya fara zafi.

"Kuɗin rajista," in ji Hajara. "Kuɗin ɗakin kwana. Kuɗin laburare. Kuɗin asibiti."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau, Baba. Ko da za a yi rashin lafiyar ne."

"In an yi a biya. Ci gaba."

"Kuɗin wasanni."

"Wasa zan tura ki?"

Fanta ta yi dariya ba ta ɗago kai ba. "Malam, ka bar yarinya ta gama."

Ta gama. Ni da kwalin kifi nake lissafi, ba da takarda ba. Na mayar da kuɗin kwali-kwali a kaina, sai na ga ya kusa lashe duk abin da na ƙyafa a wannan kakar. Ban ji tsoro ba. Abin da na ji shi ne abin da nake ji kullum in mai kaya ya faɗi farashin farko: to, an buɗe ciniki.

Washegari na kai maganar wurin Bukar. Bukar dillali ne a rumfarmu, Babarbare, abokina tun muna samari. Shi ma bai taɓa zama a aji ba, amma ba abin da za ka tambaye shi ya ce bai sani ba.

Ya saurare ni yana tauna goro, ya ce, "Ɗan ruwa, kai ma dai. Wannan ai na bakin kasuwa ne. Wa ka taɓa gani ya rubuta gaskiyar farashinsa ya manna a bango?"

"Yarinyar ta ce na gwamnati ba a tayawa."

"Gwamnati ba mutum ba ce? Ba ta da ciki? Ko a Makka ana ragi, ka tambayi alhazai. Ka cire kashi ɗaya cikin uku, abin da ya saura shi ne kuɗin makaranta."

Abin da nake so in ji ke nan. Muka zauna mu biyu, jahilai biyu masu furfura, muka tsara yadda za a ci makarantar gwamnati a ciniki. Bukar ya tambayi yaushe ake rufe karɓar kuɗin. Na ce saura sati uku. Ya ce kada in kuskura in je da wuri. Mai zuwa da sassafe shi ke sayen tsada, kaya kuwa sai kasuwa ta kusa watsewa suke karyewa. Wannan gaskiya ce, na san ta tun ina yaro. Don haka na sa ranar ƙarshe.

Na sayar da kifi daidai kashi biyun da muka yanke. Kwali biyu na manyan tarwaɗa, waɗanda suka fi kowanne kyau, na ƙi sayarwa. Na ce zan tafi da su Gashuwa, in an gama da makaranta in kwana biyu in sayar a natse, tunda an ce can sun fi daraja.

Sati ukun nan Hajara ba ta huta ba. Kullum da safe in ta gaishe ni sai ta ce, "Baba, ƙawayena duk sun biya." In ce, "Sun sayi tsada." Ta ce a ba ta kuɗin ta je ta biya da kanta. Na ce yarinya ba ta iya ciniki ba.

Ranar tafiya na fito daga wanka na tarar Fanta ta shimfiɗa mini babbar rigata ta Sallah a kan gado, shuɗiya, ta sha guga, har da turare. Na tsallake ta na ɗauko rigar da nake banda da ita. Wannan rigar asalinta fara ce, amma ba wanda ya san haka sai ni.

"Malam, me ke nan?"

"Mai sabuwar riga ba a yi masa ragi."

"Makaranta za ka, ba bakin ruwa ba. Ka dubi yarinyar nan mana."

Na dube ta. Tana tsaye da sabon hijabi ruwan toka, da fayil a ƙirji, idonta a ƙasa. Na ce, "Ita ma da ta sa tsohon." Fanta ta ja ta ɗaki suka yi ƙus-ƙus, suka fito. Ban tambaya ba. Da za mu fita ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Allah kuma ya kiyaye baki." Na yi kamar ban ji na biyun ba.

Hanyar nan ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ƙarshen damina ne, ruwa kwance a fadama hagu da dama, shinkafa ta fara ja, fararen balbelu a bayan shanu. Muna gidan gaban mota ni da ita, kwalayena a baya. Ina nuna mata wuraren da na taɓa su da gora ina saurayi, tana tambaya ina ba ta amsa. Ban taɓa yin doguwar hira da ita kamar ta ranar ba. Na saya mata rake a hanya. (Shi ma sai da na taya.)

A tashar Gashuwa na ajiye kwalayen wurin wani mai shayi, muka hau keke zuwa makaranta.

Ofishin rajista wata taga ce, da dogon layi na yara, kowa da fayil. Da na shiga layin sai na ga ana matsa mini, na gaba ya ƙara gaba, na baya ya ja baya. Wata ma ta ce, "Baba, wuce kawai." Na ce a raina, yaran boko suna da tarbiyya. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai daga baya na gane rigar ce ke buɗe mini hanya.

A bayan tagar wani matashi ne mai tabarau, da kwamfuta a gabansa. Na yi sallama, na tambaye shi gajiya, na tambaye shi iyali, na tambaye shi ya kasuwa.

"Lafiya lau, Baba. Ina rasit ɗinku?"

"Wane rasit? Ai ba mu yi ciniki ba tukuna."

Hajara ta taɓa hannuna. "Baba, na gaya maka, banki ake fara zuwa."

"Yi shiru, manya na magana." Na juya gare shi. "Ɗana, ga yarinya na kawo. Na ji abin da kuka rubuta. Yanzu faɗi gaskiyarsa."

"Gaskiyar me?"

"Na ƙarshe. Wanda in na biya ba ka cuce ni ba, ban cuce ka ba."

Ya cire tabarau ya dube ni da kyau. Ya karɓi takardar Hajara, ya danna kwamfuta, ya faɗi kuɗin. Daidai da abin da ta karanto mini a gida. Na yi dariyar da nake yi a rumfa, wadda ke nuna wa mai kaya cewa wasa yake.

"Na saya rabi."

 A kasuwa in ka taya, ko dai a ce albarka ko a ce kawo. Shi bai ce ko ɗaya ba. Cewa ya yi, "Baba, ni ba na karɓar kuɗi. Za ta je shagon kwamfuta a ciro mata lamba, ta biya a banki, ta kawo mini rasit. Na'ura ce ke karɓa, ko naira ɗaya ta gaza ba za ta karɓa ba. Kuma yau ake rufewa."

Duk gaskiya ya faɗa mini, tsaf. Amma ni abin da kunnena ya ji shi ne, ba ni ne mai kaya ba. Wannan kuwa ba dillalin da bai taɓa gaya mini ba. Bukar kansa yana faɗinta sau goma a wuni.

"To kira mini mai kayan."

Wani yaro a baya ya tuntsire da dariya. Ban kula ba. Na shiga mataki na gaba, wato kushe kaya. Na ce na ga ginin can fentinsa ya fara ɗayewa. (Ƙarya nake yi, sabo ne fil.) Na ce makarantar ta yi nisa da gari. Na ce an gaya mini akwai wata a Damaturu da ta fi wannan araha. (Ba wanda ya gaya mini.) Na ce a cire kuɗin wasa, 'yata ba ta wasa. A cire na asibiti, in ta kwanta ni zan zo in ɗauke ta. Ɗakin kwana kuwa a ba mu shi gyara, tunda mun sayi da yawa.

"Gyara!" in ji wani a layi. "Wallahi tsohon nan ya ce gyara!"

Yanzu dariyar ta game ko'ina. Na ga wayoyi sun ɗago sama. Matashin nan yana ta cije leɓe, yana cewa, "Baba, don Allah, akwai mutane a bayanka." Ni kuwa a lissafina ciniki ya yi zafi, saura ƙiris ya karye. Sai na jefa abin da nake ganin shi ne zai gama da shi. Na kama kafaɗar Hajara na turo ta gaban taga.

"Dube ta da kyau. 'Yar mitsitsiya ce, rabin kujera ya ishe ta. Kuma ba wani karatu mai yawa za ta kwasar muku ba. Kanta ba ya ja sosai. Abin da za ta ɗiba bai kai wannan kuɗin ba."

Wasu suka yi dariya. Wasu ba su yi ba. Na ji kafaɗarta ta sandare a hannuna.

Matashin ya ce, a hankali, "Baba, ba a ragi."

Saura makami ɗaya, wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Na ce, "Shi ke nan. Allah ya kawo kasuwa. Hajara, mu tafi." Na juya.

Tafiyar ciniki tana da ƙa'ida. Ba a sauri, ba a waiwaye. Ƙafa na gaba, kunne na baya. Yawanci kafin ka wuce rumfa biyu za ka ji, dawo, kawo kuɗin. Na sauka daga barandar, ban ji ba. Na wuce inda ake ajiye babura, ban ji ba. Na rage tafiya har kamar mai ciwon ƙafa. Na tsaya na gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Can sai na ji, "Baba! Baba!" Zuciyata ta yi fari. Na ce wa Hajara ƙasa-ƙasa, "Kin gani?" Na juyo da fuskar wanda ba ya so.

Wata yarinya ce ta biyo mu da gudu. "Kun bar takardarku a taga."

Haka muka taka har bakin ƙofar makaranta. Nisa ne ba kaɗan ba, rana kuma ta take. A nan hanya ta ƙare, ba sauran inda zan tafi a hankali. Na tsaya a gindin wata darbejiya. Maigadi yana kallonmu.

Hajara ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya tana kallon titi, ta ce, "Baba, da gaske kaina ba ya ja?"

"Ciniki ne."

"Ni na zo ta ɗaya a ajinmu. Kai ka riƙe mini kyautar a hannunka."

"Na ce miki ciniki ne. Haka ake yi."

"A ciniki kayan wani ake kushewa, Baba. Kai naka ka kushe."

Ranar da jirgi ya kife da mu na sha ruwa har na ga duhu. Wannan maganar ta fi shi shiga ciki.  Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in banki ya rufe yau ba a biya ba, sunanta ya fita. Sai wata shekara, ta sake jarrabawa, in ma an sake ba ta.

Na ce, "Ba mai kiranmu ke nan?"

"Ba mai kaya a can, Baba. Ba wanda zai yi asara in mun tafi. Mu ne kawai."

Na shafa aljihu. Kashi biyu cikin uku. Lissafin Bukar.

Muka koma tasha a guje, na ɗauki kwalayen nan biyu, ɗaya a kai ɗaya a kafaɗa, muka shiga kasuwa. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfunan kifi rabi a rufe. Aka nuna mini wani Alhaji mai shago, jikan Kanawa, wanda ke tara banda yana aikawa Kudu. Yana zaune a kan buzu da carbi. Ya dube ni, ya dubi gumin da ke zuba, ya dubi yarinya da fayil. Gaggawa ta fi kifi wari. Tun kafin in buɗe kwali ya gama karanta ni.

Ya ɗaga tarwaɗa ɗaya da yatsa biyu, kamar ya ɗauko mushe. Kifin da na kwana a kansa ina juyawa, ja jawur, ko ƙwaro ɗaya babu.

"Malam, wannan ai wuta ta ci shi. Kuma na Nguru bana ba ya tafiya. Jiya ma an kawo mini daga Katuzu, ya fi wannan, na ce a mayar."

Maganata ce. Kalma-kalma, irin wadda nake yi wa masu jirgi a bakin ruwa. Na faɗi kuɗi, ya taya abin da ko a mafarki ba zan karɓa ba. Na ce albarka. Ya ƙara ɗan abin da bai kai a faɗa ba. Na ce albarka. Sai ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce, "To, Allah ya kawo kasuwa. Ni zan wuce masallaci."

Ya tafi. Ba sauri, ba waiwaye. Na san tafiyar nan, ɗazu na gama yin ta. Na san in na yi shiru zai je ya dawo, kifin ya shiga ransa, na gani a idonsa. Amma zai dawo bayan la'asar, banki kuwa ba ya jiran la'asar. Na dubi Hajara. Tana kallon inuwar rumfa, yadda take ƙara tsawo.

"Alhaji!"

Bai juyo ba. (Ƙwararre ne, Allah ya isa.)

"Alhaji! Dawo! Kawo kuɗin!"

Sai da na bi shi da gudu na kama gefen rigarsa. Ni. A kasuwar da ba tawa ba, da rigar banda, ina roƙon mutum ya saye ni da arha. Ya dawo yana murmushi ya ƙirga mini. Har ya nemi in bar masa kwalayen da igiyar a matsayin gyara. Na bar masa.

Muka haɗa da na aljihu. Bai kai ba. Saura kaɗan, amma an ce na'ura ba ta san kaɗan ba. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina tunanin ko wayata za ta yi kuɗi. Sai Hajara ta juya baya, ta kwance bakin zaninta, ta fito da wani ƙulli a leda.

"Inna ta ba ni da safe. Kuɗin adashinta ne."

"Tun ɗazu yana jikinki?"

"Ta ce kada in nuna maka sai ciniki ya ƙare. Wai in ka gani za ka sa shi a lissafi."

Shagon kwamfuta, lamba, banki. Mun shiga ana shirin jawo ƙofa. A can ban buɗe baki ba. Na miƙa kuɗi, aka ƙirga, aka buga hatimi. Shi ne abu na farko da na saya a farashin farko tun da aka haife ni.

Da muka koma taga layin ya ragu, amma akwai sauran waɗanda suka ga na safe. Suka fara taɓa juna. Matashin ya karɓi rasit, ya danna kwamfuta, ya ce, "Shi ke nan, ta shiga." Sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Baba, an sallama?"

"An sallama."

Ni ban iya ba da haƙuri ba, ba a koya mini ba. Abin da na iya shi na yi. Na juya ga layin na ɗaga murya yadda nake yi a rumfa. "Jama'a, maganar da na yi ɗazu ƙarya ce. Yarinyar nan ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Kanta yana ja. Duk abin da ke cikin makarantar nan sai ta kwashe shi, ba za ta bar muku komai ba."

Aka sake fashewa da dariya, har da tafi. Hajara ta ja hijabi ta rufe fuska. "Baba, don girman Allah ka yi shiru. Wannan ya fi na ɗazu." Amma na ga kafaɗarta tana rawa, kuma ba kuka ba ne.

Matashin ya miƙo mini ruwan leda mai sanyi ta taga. "Ga gyararka, Baba. Sai baɗi kuma."

"Baɗi me?"

"Rajistar baɗi. Ai kowace shekara ake biya."

Na dubi Hajara. Ta ce ta faɗa mini tun a tsakar gida, lokacin ina faɗa a kan kuɗin wasa. Ni a sanina in ka sayi abu ya zama naka. Jirgi sau ɗaya ake biyansa. Ashe duk lissafin da muka yi ni da Bukar, ko da ya yi daidai, na shekara ɗaya ne cikin huɗu. Na fasa ledar na shanye ruwan a tsaye.

Kafin in iso Nguru labari ya riga ni. Wani yaron unguwarmu yana cikin layin, da wayarsa. Na shiga rumfa Bukar ya tare ni. "Ɗan ruwa, an ce ka kira mai saye." Ba maganar makaranta ce ta dame shi ba, wannan ce. Na ce, "Na kira." Ya ce laifina ne, da na tafi da dillali da an samu ragi. Har ya mutu bai yarda cewa ba a ragi ba.

 A gida Fanta ta ajiye mini tuwo. Rigar Sallah tana nan a kan gado yadda na bar ta. Sai da na kusa gamawa ta ce, "Malam, nawa aka sallama?" Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na biya ta adashinta bayan wata biyu, cif. Ban taya ba.

Shekara huɗun nan su ne mafi wuya da na yi, kuma su nake kewa. Kowace kaka in ware kwalayen Hajara gefe guda tun kafin in taɓa na cefane. Ranar da aka buɗe biya, ranar nake biya. In ta zo hutu ta zauna kusa da ni a wurin banda, hayaƙi na sa ta hawaye, tana ba ni labarin abin da aka koya musu a kan ruwa da ƙasa da ciyawar da ta kore mu daga su. Rabi ban gane ba. Ina dai jin muryar. Ranar da aka yaye su na sa shuɗiyar rigar. Fanta ba ta gani ba, ta rasu ana saura damina ɗaya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Juya baya dabara ce ta wanda zai iya haƙura da kaya. Abin da ba za ka iya tafiya ka bari ba, biya kawai, ka rufe bakinka.

Hajara tana koyarwa yanzu a Jakusko, da 'ya'yanta biyu. Ni ina Nguru, a rumfar nan dai, gwiwa ta hana ni zuwa bakin ruwa. Yaran kasuwa in za su wuce sukan ce, "Baba, nawa ka taya makaranta?" In ce rabi. Mai saye kuma in ya juya mini baya, ina barinsa ya ɗan taka, don kada ya raina ni. Sannan in kira shi.